Takalman da Aka Jera a Ƙofata

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule mai Tarihi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da durƙusawa irin wadda ka saba gani daga gare ni, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Kuala Lumpur lafiya lau muke, sai dai kullen annoba. Baban Khalil yana ta fama da rubutun digirinsa a kan teburin cin abinci. Khalil ya fara haɗa magana, rabi Hausa rabi Malayanci. Wata bakwai ke nan da aka kai ka, har yau ban ga kabarinka ba, don hanya ba ta buɗe ba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Wasu za su karanta, har da waɗanda zan ambata, shi ya sa na sauya musu suna. Amma da kai nake magana, don kai ne mafarin abin.

Baba, an karɓe mini ajina. Darasinka ne ya jawo.

Ka san ajin, na sha ba ka labarinsa ta waya. Yara goma sha ɗaya ne, 'ya'yan ɗalibai da malamai 'yan ƙasarmu da ke zaune a benenmu a unguwar Setapak. Iyayensu ne suka kafa kwamiti suka ce in riƙa koya musu Hausa duk Asabar da ƙarfe goma, don yaran sun koma in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Da farko a wani ɗaki na ƙasan bene muke haɗuwa. Da cutar nan ta zo aka hana taro, sai muka koma ta bidiyo, kowa a falon gidansu. Ni kuwa ka san halina. Ba zan iya koyar da baƙi da wasali kawai ba, sai na cusa tarihi a ciki. Har dariya ka yi mini, ka ce, "Uwata, gado ne, ba ki da magani."

Wannan ajin shi ne abin da nake da shi a ƙasar nan. Takardar zamana ba ta ba ni izinin aiki ba. Digirina biyu suna cikin akwati a ƙarƙashin gado. Kwana shida ni matar ɗalibi ce, ranar Asabar kaɗai nake malama.

A cikinsu akwai Fiddausi, 'yar shekara goma sha huɗu. A nan ta yi wayo. Kaifin basira kamar me, amma Hausa sai an yi da gaske. In na ce ta karanta, sai ta ce, "Boleh, Anti," wato za ta iya, sannan ta karanta kamar mai tauna tsakuwa. Wata Asabar ta ɗaga hannu. A lokacin yara ba su da aiki sai waya, kuma wayoyin cike suke da bidiyon baƙaƙen fata a ƙasar Turawa, sun fito titi saboda 'yan sanda sun kashe ɗan'uwansu, ana ta dukansu da kulake ana watsa musu barkonon tsohuwa. Da Turanci ta yi tambayar. Na ce ta maimaita da Hausa. Ta ce, "Anti, me ya sa kullum mu ne?"

A take kai na tuna.

Na tuna ajinka na 'yan mata, lokacin da nake aji huɗu, ina jin kunyar a ce mahaifina ne ke koyar da mu. Ka shigo da wani tsohon hoto da ka yanko daga jarida, ka manna shi a kwali don kada ya yage. Wani fili ne a Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata. Mutane sun fito hannu rabbana, suna cewa sun gaji da yawo da takardar izini a ƙasar kakanninsu. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta. Hoton bayan an watse ne. Abin da ya fi yawa a cikinsa takalma ne, warwatse ko'ina, da huluna, da wani keke a kwance.

Ba ka yi dogon bayani ba. Cewa ka yi kowa ta cire takalminta ta kawo gaban allo. Muka cire muna dariya, muna tsokanar masu yagaggen safa. Ka sa muka koma kujerunmu ba takalmi, ka ce mu kalli tarin. Ka ce, "Kowane ɗaya da safe wani ya saka shi, yana da niyyar dawowa gida." Sannan ka ce, "Da yawansu a baya aka harbe su, suna gudu." Dariya ta ɗauke. Har yau ina jin sanyin simintin nan a tafin ƙafata.

Shi na so in yi wa yarana. Amma yaya za a tara takalma ta bidiyo? Sai dabara ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina sosai a lokacin. Tunda duk bene ɗaya muke, na ce ranar Juma'a da la'asar kowane yaro ya saka takunkumi, ya hau shi kaɗai, ya ajiye takalminsa a bakin ƙofata, ya juya. Ba sallama, ba shiga. Da safe zan nuna musu tarin ta waya, kowa yana zaune a gidansu ba takalmi. Ban karya doka ko ɗaya ba, Baba. Na duba, na sake dubawa.

Abu ɗaya ne ban duba ba, kuma shekara huɗu ina ganinsa kullum. A ƙasar nan ba a shiga gidan kowa da takalmi. A waje ake cirewa, a barandar da kowa ke bi. Saboda haka in kana son sanin mutum nawa ne a cikin gida, ba sai ka ƙwanƙwasa ba, ƙofa za ka kalla. Takalman mutum goma sha ɗaya a ƙofar gida ɗaya, a tsakiyar kulle, ma'anarsu guda ce ga duk wanda ya gifta: an tara jama'a a ciki. Yaran kuma, Allah Ya yi musu albarka, ba zubarwa suka yi ba. Jerawa suka yi tsaf, baki ya kalli ƙofa, kamar yadda aka koya musu in sun je baƙunta.

Kafin magariba wani hoton takalman da aka ɗauka a ƙofata ya shiga zauren wayar mazauna benen. Maigidana ne ya nuna mini. A ƙarƙashin hoton an rubuta lambar gidanmu da kalma biyu: 'yan Afirka. Daga nan aka ɗora. Wani ya ce biki muke yi. Wata ta ce ta ji kiɗa, alhali ko rediyo ba mu kunna ba. Wani ya ce dama irinmu ne ke yaɗa cutar.

Masu gadi biyu suka hau. Na buɗe musu ƙofa gaba ɗaya na ce su duba. Suka tarar da mutum yana gyaran babi na uku, da yaro yana cin ayaba, da ni. Babban cikinsu ya ba da haƙuri har sau uku, ya ce zai sanar da ofishin benen cewa ba kowa. Na tabbata ya sanar. Amma hoto ya riga ya zaga waya ɗari, maganar mai gadi kuwa ko hawa na biyu ba ta kai ba.

Kwana uku bayan nan aka manna sanarwa a cikin lif. Ana shawartar masu gidaje da kada su sabunta haya ga 'yan Afirka, saboda lafiya da kwanciyar hankalin mazauna. Ba sabuwar magana ba ce, an taɓa tayar da ita kafin zuwanmu ta mutu. Dalili ake jira, ni kuma na jera musu shi a bakin ƙofa. Ka yi tunani, Baba. Darasi a kan mutanen da aka kashe don sun ƙi a ware su, shi ne ya zama hujjar da za a ware mu. Na tsaya a cikin lif ina karantawa, ga Khalil riƙe da zanina yana son ya danna maɓalli, har muka wuce hawanmu.

Wadda ta ɗauki hoton ma na sani. Mak Cik Salmah ce, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tawa, wadda ke aiko wa Khalil da ƙosan ayaba. Da kanta ta zo ta faɗa mini, daga nesa, tana murza gefen mayafinta. Mijinta yana da ciwon huhu. Ta ga takalma, tsoro ya kama ta, ta tura wa 'yarta tana tambayar abin yi, 'yar kuma ta tura zaure. Ta ce, "Da na ƙwanƙwasa." Na ce haka ne. Na so in yi fushi da ita na kasa, kuma rashin wanda zan sauke wa fushin ya fi komai ci mini rai.

Sai namu suka ba ni inda zan sauke.

Kwamitin iyaye ya kira taro ta bidiyo. Dokta Bashir ne shugaba, mutumin kirki, shi ya tarbe mu a filin jirgi ranar da muka zo. Ya fara da yabo, daga nan na san ba lafiya. Ya ce, "Maman Khalil, mu fa baƙi ne. Karatu ya kawo mu, ba gyaran duniya ba." Ya ce in rubuta wa ofishin benen takardar ban haƙuri, in ce takalman sadaka ne muke tarawa don mabuƙata. Ya ce wannan kowa zai fahimta, har ma a yaba mana. Amma in aka ji ana koya wa yara labarin zanga-zanga da 'yan sanda, wa ya san inda maganar za ta tsaya? Kowa a nan takardar zamansa a hannun wani take.

Maman Fiddausi ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Hausa muka ce ki koya musu, Malama, ba jana'iza ba. Yarinya ta daina cin abinci, tana ta tambayata abin da ban sani ba." Wata ta ce ai can wata ƙasa ce, kuma abin ya wuce tun kafin a haife mu. Na ce to sanarwar cikin lif fa, ita ma can wata ƙasa ce? Wani ya kashe kyamararsa.

Baba, ba zan yi musu ƙarya a gabanka ba. Tsoronsu gaskiya ne. Mutum ya bar aikinsa, ya kwaso iyali, saura shekara ɗaya ya gama, a ce ya nemi sabon gida a cikin annoba, a garin da kana faɗin ƙasarka dillali zai ce an riga an kama ɗakin. Maigidana ma na ga ya daina rubutu yana kallon bango. Kuma kuskuren nawa ne, ban musa ba. Ni ce mai digiri biyu a tarihi da ta kasa karanta bakin ƙofar maƙwabciyarta.

Amma yaran nan goma sha ɗaya da ƙafarsu suka hau suka ajiye takalman. Sun san dalili. In na rubuta cewa sadaka ce, za su gani, don sun fi iyayensu bin zauren nan. Me zan koya musu ke nan? Cewa in an zarge ka da abin da ba ka yi ba saboda fatarka, sai ka ƙirƙiro wata ƙarya mai kyan gani ka ɓuya a bayanta? Asabar nawa na yi ina ce musu harshensu abin alfahari ne, tarihinsu abin faɗa ne. Sai ranar farko da aka ɗaga mana gira in ce ban san zancen ba?

Na rubuta takardar. Na ba da haƙuri a kan tsoron da na jefa maƙwabta, don wannan haƙƙinsu ne. Sannan na faɗi abin da takalman suke nufi, jimla huɗu, ba ado. Na roƙi a cire sanarwar. Na tura wa ofis, na tura wa kwamiti kwafi.

Ofis bai amsa ba. Kwamiti ya amsa cikin awa ɗaya. An gode mini bisa hidimar da na yi, an ce a dakatar da ajin har abubuwa su lafa. Mako biyu bayan nan na ji an buɗe shi da wata malama. Suna koyon sunayen ranakun mako.

Kai fa, Baba? Kai ma ina da magana da kai. Shekara talatin kana wannan darasin, ba ka taɓa gaya mini abin da ya biyo baya ba. Ko shugabar makaranta ta taɓa kiranka ofis? Ko wani uba ya taɓa zuwa ya ce ka tsorata masa 'ya? Na tabbata an yi. Yaya ka yi? Ka ba ni hoton, ka ba ni kalmomin, ka tafi da sauran. Sau biyu ina ɗaukar waya in kira ka, sai na ga lambarka in tuna. Ka tafi a lokacin da ko wankanka ba a bar 'yan'uwa sun tsaya ba, ni kuma ina nan bayan teku ina karɓar gaisuwa ta waya. Ban gama jin haushin wannan ba, ga wani.

Takalman suka zauna a buhu a bayan ƙofata kwana goma sha takwas. Ba wanda ya aiko a karɓa. Kowa yana gudun a ga ɗansa a hawanmu. Kullum in zan share falo sai na ɗaga buhun in mayar.

Ranar wata Laraba ina shara, buhun ya kife, wani farin kambas ya faɗo. Na Fiddausi ne, ta zana tauraro a gefensa da biro. Na durƙusa zan ɗauka, sai durƙuson ya tuna mini abin da na manta shekara ashirin.

Darasinka bai ƙare a kan tarin ba. Bayan shirun, cewa kake yi kowa ta tashi ta ɗauki takalmin da ba nata ba, ta nemo mai shi, ta durƙusa ta ajiye mata a gabanta, ta kira sunanta. Ni na wata Ladi na ɗauka, wadda ba ma ko magana. Da aka gama ka ce, "Ku masu takalman nan kuna da rai. Ku saka, ku je ku yi abin da su ba a bar su sun yi ba." Rabin darasi na shirya wa yarana, Baba. Na shirya musu mutuwar, na manta da mayarwar. Ko da ba a ɗauki hoton ba, da na bar su zaune ba takalmi.

Na saka takunkumi na ɗauki buhun. Daga hawa na goma sha shida na fara, ina saukowa ta matakala, don ba na son shiga lif ɗin nan. Kowace ƙofa na ƙwanƙwasa, in ja da baya, in durƙusa in ajiye, in kira sunan yaron. Gida huɗu suka buɗe. Biyu na ji motsi a ciki ba a buɗe ba, na kira sunan duk da haka. Dokta Bashir da kansa ya buɗe tasa. Ya ga matar aure durƙushe a gaban takalmin ɗansa, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce, "Haba Malama, ai da kin aiko." Na ce ba a aikawa.

Gidan su Fiddausi ne na ƙarshe. Mamanta ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba. Ta ce, "Ajiye kawai." Na ajiye, na kira sunan. Yarinyar ta leƙo ta ƙarƙashin hannun uwarta. Na faɗa mata maganarka, kalma da kalma. Ta zura ƙafarta a ciki, a tsaye, ba ta ɗaura igiya ba. Sannan ta dube ni ta yi jimla mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta da Hausa, ba gargada ko ɗaya. Ta ce, "Anti, su waɗancan na cikin hoton, wa ya mayar wa iyayensu da nasu?"

Ban sani ba, Baba. Ba ka taɓa gaya mana ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Ka yi shekara talatin, na yi ashirin, sai yarinyar da ake cewa ba ta jin Hausa ce ta tambaya. Na ce mata ban sani ba, amma zan bincika. Uwarta ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta ja ta ciki a hankali ta rufe ƙofa. Ba ta buga ba. Wannan kaɗai na samu.

Sanarwar tana nan a cikin lif, gefenta ɗaya ya fara ɓamɓarewa. Mai gidan da muke haya bai ce mu tashi ba, bai ce mu zauna ba. Ajin bai dawo hannuna ba, kuma ba na jin zai dawo. Ranar Asabar da ƙarfe goma nakan zauna a gaban kwamfuta kamar da, sai dai yanzu tsofaffin jaridu da littattafai nake tonawa, ina neman wanda ya tattara takalman nan. Har yanzu ban samu ba. In na samu, na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa, ko a buɗe ko kada a buɗe.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace yarinya da ka koyar ta zama shaida gare ka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka fita da safe da niyyar dawowa. Allah Ya ba mijin Mak Cik lafiya. Ya cire wa mutanena tsoro, ni kuma Ya rage mini zafin rai, don har yanzu ban huce ba. Ya buɗe hanya in zo in tsaya a kanka.

Taka har kullum,
wadda kake kira Uwata,
Rabi, daga Setapak.